Yadda Ake Zaɓa Tsakanin Babbar Na'urar Karatu da Tabilet a Zoza

Kafin ka ɗaure kuɗinka ka nufi kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, zauna ka lissafa abin da idonka ya fi daɗewa a kai. Malamin da ke biya wa ɗalibai Risala, da ɗalibin jami'ar NOUN da ke sauke darussansa a PDF, duk shafi suke bi. Shafin PDF kuwa a kafe yake, don haka a na'ura mai inci 6 wasullan Larabci kan ƙanƙance har sai an kanne ido. Mai irin wannan karatu ya nemi inci 10, kamar Kindle Scribe da Amazon ta fitar a 2022, ko ɗaya daga manyan Boox.

Daga nan sai ka auna wuta, domin a nan hukuncin yake. Fuskar na'urar karatu cike take da ƙwayoyi farare da baƙaƙe, kuma ba ta jan batir sosai sai an juya shafi. Shi ya sa caji ɗaya kan kai makonni, alhali tabilet kan ƙare cikin kamar awa goma. Mutumin Zoza da ke kai waya shagon caji, a manna mata lamba, ya dawo da yamma ya biya, ya san ma'anar wannan tazara. Ƙidaya sau nawa kake zuwa a wata, ka ɗora kuɗin a kan farashin tabilet.

Na uku, tafi da littafinka a waya, ka sa mai shago ya tura shi cikin na'urorin biyu, ku fito tsakar rana. Gilashin tabilet zai koma madubi, na'urar karatu kuwa ƙara fitowa take kamar takarda. Juya shafi ashirin ka ga ko jinkirinta zai dame ka.

Za a ce tabilet ta fi araha kuma tana yin komai. Gaskiya ne, kuma yaron da ke shirin JAMB, wadda ta koma kwamfuta gaba ɗaya tun 2015, tabilet ta fi masa, saboda atisaye da bidiyon darasi. Amma yin komai ɗin shi ne ke kawo WhatsApp tsakiyar shafi, ya cinye karatu da batir tare. Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne gyara: fuskar na'urar karatu ba ta jure matsi, kuma samun canjinta ya fi na tabilet wuya. Saboda haka kada ka biya sai ka tambayi mai shago inda ake canza ta da kuɗinta, ka haɗa da marfi mai tauri, ka kuma ware mata wuri a jaka idan za ka hau babur zuwa Rogo.