Mai Saro Wayar Lantarki da Tukwane a Guangzhou, Ga Sharuɗɗa

Alhaji da Hajiya masu sauka unguwar Xiaobei ko Sanyuanli, ko masu zuwa baje kolin Canton da ake yi tun 1957, ku sani ƙarfe suna ya tara. Azurfa ce kan gaba wajen ɗaukar wutar lantarki, sai jan ƙarfe, sai zinari, sannan alminiyam, wanda ke ɗaukar kusan kashi 61 cikin 100 na abin da jan ƙarfe mai kauri ɗaya da shi zai ɗauka. Wanda bai san wannan ba kada ya biya kuɗin kwantena.

ABIN DA ZA A YI

1. A kankare wayar da wuƙa a gaban mai shago. In fari ya bayyana ƙarƙashin ja, alminiyam ne aka yi wa rigar jan ƙarfe.

2. A kara mata mayen ƙarfe. Jan ƙarfe ba ya kamuwa. In ta kamu, baƙin ƙarfe ne a ciki.

3. A ɗora ƙunshin wayar a sikeli. Jan ƙarfe ya ninka alminiyam nauyi fiye da sau 3. A waya mai lamba 2.5, tsawon mita 100, jan ƙarfen kaɗai ya haura kilo 2.

4. A duba robar da ta rufe wayar. Ita ce ke tsare hannu daga wuta, don haka siririya ko mai tsagewa ba ta karɓuwa.

5. A zaɓi tukunya mai gindin alminiyam ko jan ƙarfe. Ƙarfen da ba ya tsatsa, in shi kaɗai ne, ba ya baza zafi, sai tsakiya ta ƙone gefe bai dahu ba.

ABIN DA BA ZA A YI BA

1. Kada a yarda da rubutun kwali ko bakin tafinta. Samfur daban, abin da aka loda daban. A buɗe kaya a sito kafin a rufe kwantena.

2. Kada a sayar wa mai wayarin gida wayar alminiyam da sunan jan ƙarfe. Za a ɗora mata hita da dutsen guga, ta yi zafi, mahaɗa ta saki, roba ta narke, silin ya kama. Alhakin yana wuyan wanda ya saro.

3. Kada a murɗe jan ƙarfe da alminiyam wuri guda. Laima na shiga, mahaɗar ta cinye.

4. Kada a ɗauki tukunya ko buta mai mariƙin ƙarfe tsirara. Katako ko roba mai jure zafi ake nema.

5. Kada a turo kayan lantarki Najeriya ba tare da takardar shaidar inganci ta SONCAP ba.

Araha ba ta ado. Wanda jarinsa bai kai na jan ƙarfe ba, ya rage yawan kaya, kada ya rage ingancinsu.