Me Ya Sa Jirgina Yake Karkata Hagu?

'Yan'uwana ɗalibai, a hutun da ya wuce na ƙera ƙaramin jirgin sama da farin fom ɗin kwalin talabijin, da ƙaramin injin lantarki, da farfelar roba. Tayoyinsa murfin kwalba ne. Duk lokacin da na haɗa batir, sai ya ruga da gudu ya kauce hagu. A gwaji na uku ya daki katanga, fiffike ɗaya ya karye, ga shi saura mako biyu a yi baje kolin kimiyya na makarantarmu.

Na zaci tayoyin ne suka karkace. Malaminmu na kimiyya ya duba ya ce, "Tayoyinka lafiya lau, farfelar ce."

Ga bayanin. Idan ka tsaya a bayan jirgin ka ga farfela tana juyawa kamar hannun agogo, to jikin jirgin yana son juyawa ta ɗaya ɓangaren, sai ya danne tayar hagu. Wannan ita ce doka ta uku ta Newton. Sannan iskar da farfela take turawa baya ba a miƙe take tafiya ba, murɗawa take yi kamar igiya, ta bugi jelar jirgin ta gefen hagu, hancin ya juya hagu. Murɗawar injin ce ma ta sa ake sanya wa jirgi mai saukar ungulu ƙaramar farfela a jela. Irin wannan jirgin ne Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin Jami'ar Bayero ta Kano, ya ƙera da injin Honda Civic har ya shiga labarai a 2007.

Maganin ya ba ni mamaki: kada a ɗaura injin a miƙe! A karkata shi dama kamar digiri 2. Na cusa washa a bayan injin ta gefen hagu. Wajen awo, ɗora rula mai santimita 30 daidai da sandar injin. Idan ƙarshenta ya kauce wa layin tsakiyar jirgin da santimita 1, ka samu digiri 2 ko kusa da haka.

Amma fa a duba juyawar farfela tukuna. In taka tana saɓa wa agogo, hagu za ka karkata injin. Ni da na yi zalama na sa washa uku, sai jirgin ya koma dama. Na cire ɗaya, yanzu yana ratsa filin ƙwallo a miƙe. Tashi sama dai sai na samu batir marar nauyi.