Daga Garke Zuwa Ƙwaryar Nono

Salmonela ƙwayar cuta ce ƙanƙanuwa, ido ba ya ganinta sai da madubin likita. Tana zama a hanjin shanu da kaji da mutane, kuma ta cikin kashi take fita. Ire-irenta sun haura 2,500. Akwai wadda ake kira Dublin, ita ce ta fi kama shanu.

Idan ta kama ɗan maraƙi, sai ka ga jikinsa ya yi zafi, idonsa ya faɗa, ya ƙi tsotso, yana zawo mai wari, wani lokaci har da jini. Saniya mai ciki kuwa takan yi ɓari. Babban haɗarin shi ne, saniya takan warke, ta yi ɓul-ɓul, alhali ƙwayar tana nan cikinta, tana fita a kashinta da nononta wata da watanni.

Ta yaya take isowa gare mu? Kashi ya manne a hantsa, wajen tatsa ya faɗa cikin ƙwarya. Ruwan sama ya kwashi kashin turke ya zuba a rijiyar da ba ta da murfi. A kwata hanji ya fashe a kan nama. Wanda ya ci ko ya sha, cikin awa 6 zuwa kwana 6 sai gudawa da zazzaɓi da murɗawar ciki. Yawancin mutane kan samu sauƙi cikin kwana 4 zuwa 7 idan suna shan ruwan gishiri da sukari. Amma ita Dublin muguwa ce, takan ratsa hanji ta shiga jini. Jarirai da tsofaffi da marasa ƙarfin jiki su ta fi kayarwa, kuma su sai an ba su maganin kashe ƙwayoyin cuta, wato antibayotik.

To, a nan gizo yake saƙar. Ranar kasuwa makiyayi ya sayi kwalbar allura, ya tsira wa maraƙinsa sau ɗaya, da ya ga ya miƙe sai ya daina. Wani kuma ya fasa kafso ya barbaɗa a ruwan shan dabbobi, ko lafiyarsu lau. Raunanan ƙwayoyin sun mutu, masu taurin kai sun rage. Su za su hayayyafa, har su kan miƙa wa wasu ƙwayoyin wannan taurin kai. Ranar da suka shiga cikin yaronka, likita zai ba da magani ya ƙi ci. A shekarar 2019 kaɗai, an ƙiyasta mutum miliyan 1.27 suka mutu a duniya saboda ƙwayoyin cuta masu bijire wa magani. Tun 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta nemi a daina ba lafiyayyun dabbobi antibayotik don su yi ƙiba.

Ka ware dabbar da ke zawo daga garke, ka kira malamin dabbobi, ka kuma cika kwanakin maganin da ya faɗa. A jikin kwalba ana rubuta kwanakin da za a jira kafin a sha nonon ko a ci naman. Duba ka karanta. Uwar gida ta tafasa madara kafin ta kafa kindirmo, nama kuma ya dahu har ciki. A wanke hannu da sabulu bayan sharar turke.

Idan yaro yana gudawa da jini ko zazzaɓi mai zafi, kada a saya masa kafso a bakin hanya. A kai shi asibiti a ranar.