Amsoshin Tambayoyinku: Yaron da ya dawo daga Saudiyya, wane aji zai shiga?

Wannan saƙon daga Maman Khalifa ne, daga Izom kusa da Suleja a Jihar Neja. Ta ce sun dawo gida daga Jidda, ɗanta ya kammala mutawassiɗa da Larabci, shin wane aji ya dace da shi?

To Hajiya, barka da dawowa. Tsarin Saudiyya da na Najeriya sun yi kama: shekara 6 a firamare, 3 a ƙaramar sakandare, 3 a babbar sakandare. Mutawassiɗa ita ce ƙaramar sakandare. Ke nan ajinsa shi ne ajin farko na babbar sakandare, wato SS1.

Babban aikin shi ne Turanci, domin da shi ake koyarwa. A samo masa malamin Turanci da Lissafi tun kafin a koma makaranta a watan Satumba. Jami'a na neman kiredit biyar, ciki har da Turanci da Lissafi, a jarrabawar WAEC ko ta NECO.

A sa a fassara takardun sakamakonsa zuwa Turanci, a kai wa shugaban makaranta. Kada a nemi ya tsallake aji. Domin makin gwaje-gwajen aji na shiga sakamakon ƙarshe.

Larabcinsa kuma jari ne. Akwai makarantun da ke rubuta jarrabawar hukumar NBAIS ta Larabci da addinin Musulunci, a tambaya a Suleja.

A yi haƙuri da shi a zangon farko, Hajiya. Allah Ya yi masa albarka.