Sigar Umarni a Bakin Kwamfuta: Darasi Daga Kalmar "Sake"

Wannan ɗan rubutu zai duba yadda rashin nuna tsawon wasali a rubutun Hausa ke zama matsala idan mai sauraron umarni na'ura ce. Ni Kanuri na tsotsa, Hausa kuwa a unguwa na tsince ta kafin na zo Jami'ar Maiduguri nazarinta, don haka ina neman afuwar masu harshen.

Gungun kwamfutoci shi ne na'urori da yawa da aka haɗa su suna aiki kamar guda. Akwai manhajar da ke raba musu aiki, kamar yadda ɗan kamasho ke tsara layin motoci a tasha. Ɗaya daga cikin fitattunsu ita ce Slurm, wadda aka fara ginawa a ɗakin bincike na Lawrence Livermore a Amurka wajen 2002. Ana yi mata magana ne ta rubuta umarni a baƙin allo: sbatch don tura aiki, squeue don duba layi, scancel don soke aiki.

Wani abokina mai karatun kwamfuta ya haɗa tsofaffin na'urori huɗu a ɗakinsa, ya ɗora musu Slurm. Sai muka yi shawarar rubuta 'yar aike da harshen Python: mutum ya rubuta umarni da Hausa, ita kuma ta juya shi zuwa abin da Slurm ke ganewa. Shi ya ɗauki ginin, ni na ɗauki zaɓen kalmomi.

"Tura", "duba" da "soke" ba su ba mu wahala ba, domin rubutunsu ba ya sauyawa ko suna ya biyo baya ko wakilin suna. Tuntuɓen farko a kan riƙe aiki a layi na yi shi. Na sa "dakata 12". Wata 'yar ajinmu Bakatsina ta yi dariya ta ce, "Malam, ai kwamfutar ka ce wa ta jira." Gaskiyarta: "dakata" aikatau ne ƙi-karɓau, abin da nake nufi shi ne "dakatar da 12". Dole muka koya wa manhajar cewa kalmomin nan biyu umarni ɗaya ne.

Babbar matsalar ta zo ne daga rukuni na biyu na aikatau, bisa tsarin da F. W. Parsons ya fitar a 1960. Aikatau na wannan rukuni yana ƙarewa da -i gaban suna, da -e gaban wakilin suna: nemi aiki, amma neme shi. Slurm tana da umarnin sakin aikin da aka riƙe, na ba shi "saki". Tana kuma da na mayar da aiki layi ya faro daga tushe, na ba shi "sake". Sai kwaɗayin daɗin Hausa ya ja ni na ce a yarda da "shi" a madadin lambar aiki.

Rannan abokina yana da aiki biyu, ɗaya a riƙe, ɗaya yana gudana kwana biyu ke nan. Ya rubuta "sake shi", yana nufin a saki na riƙen. Manhajar ta fahimci "maimaita", ta kama mai gudana ta mayar da shi farko. Lissafin kwana biyu ya bi ruwa, tare da man janareta. Duk wanda ya zauna a garin nan a 2021, lokacin da aka lalata turakun wuta na hanyar Damaturu, ya san zafin wannan asara.

A baki babu ruɗani. Wasalin farko na "sake shi" mai nufin saki gajere ne, na mai nufin maimaitawa kuwa dogo. Daidaitacciyar ƙa'idar rubutu ba ta nuna tsawon wasali ko karin sauti, ta bar wa mai karatu ya gane daga muhallin magana. Bahaushe yana da wannan muhalli a kansa, manhaja ba ta da shi.

Na so mu rubuta "saake", amma abokina ya ce ba wanda zai tuna da ninka wasali yana cikin sauri, kuma na yarda da shi. Muka cire "shi" gaba ɗaya, ya zama tilas a rubuta lamba. Muka kuma maye gurbin "sake" da "maimaita", wanda yanzu sai ya tambaya "Ka tabbata?" kafin ya taɓa aikin da ke gudana.