Yadda Kwamfuta Ke Tattara Makin Ɗalibi Wuri Guda

A shekarar 1970 ne Edgar Codd na kamfanin IBM ya fito da dabarar adana bayanai cikin jadawaloli masu alaƙa da juna. Alal misali, makaranta kan ware jadawali ɗaya don sunayen ɗalibai, wani kuma don makin jarrabawa. Lambar ɗalibi ce ke haɗa su.

Mai tsara shafin intanet da harshen PHP, wanda Rasmus Lerdorf ya fitar a 1995, yana da hanya biyu ta ɗauko sakamako. Yana iya ɗebo sunayen, sa'an nan ya nemi makin kowa ɗaya bayan ɗaya. Ga ɗalibai 300, sai ya tambayi rumbun bayanai sau 301. Ko kuwa ya yi amfani da umarnin JOIN na harshen SQL, ya samo duka a tambaya guda.

Sai dai wanda ya rubuta darussa tara, sunansa zai fito a layi tara. Saboda haka sai PHP ya bi layukan, yana tara kowanne ƙarƙashin lambar mai shi. Lamba ake bi, domin in aka bi suna, makin ɗalibi zai cakuɗe da na takwaransa, a ba wani sakamakon da ba nasa ba.