Darasi Na Tara: Koyar da Tarihin Kisan Ƙare-Dangin Yahudawa

9.1 Gabatarwa

Malamin da aka tura Barnawa, a kudancin kogin Kaduna, zai tarar da aji mai ƙabilu da addinai daban-daban. Bayan rikicin Shari'a na shekarar 2000 da na gasar sarauniyar kyau na 2002, Kiristoci da yawa sun koma kudancin kogin, Musulmi kuma suka yi arewa. Ɗaliban yau ba su ga wannan ba, amma sun gaji maganganun da ya bari a gidaje. Saboda irin wannan aji ne aka kawo wannan darasi.

9.2 Matakan Kisan

Gwamnatin Nazi ta Jamus ta kashe Yahudawa kimanin miliyan 6 a zamanin Yaƙin Duniya na Biyu. Sai dai ba da kisa aka fara ba. Hitila ya hau mulki a 1933. A 1935 dokokin Nuremberg suka raba Yahudawa da 'yancin zama 'yan ƙasa, suka haramta aure tsakaninsu da sauran Jamusawa. A Nuwamban 1938 aka ƙone wuraren ibadarsu, aka kuma kori 'ya'yansu daga makarantun gwamnati. Ya kamata ɗalibi mai koyon malanta ya tsaya a nan: malamai ne suka ci gaba da kiran suna a aji bayan kujerun yaran sun zama wayam, kuma mafi yawansu sun riga sun shiga ƙungiyar malamai ta Nazi. Daga nan aka killace Yahudawa a unguwanni, kamar a Warsaw a 1940, sannan aka kai ga sansanonin kisa irin su Auschwitz.

Baƙar fata ma bai tsira ba. A 1937 an yi wa ɗaruruwan yaran da sojojin Afirka na rundunar Faransa suka haifa da Jamusawa tiyatar hana haihuwa.

9.3 Dabarun Koyarwa

Kada malami ya ce Kaduna ta zama Jamus. A can gwamnati ce ta tsara shafe al'umma guda. Namu rikici ne tsakanin maƙwabta. Abin da za a kwatanta shi ne mafari, wato laƙabi da raba unguwa. A sa ɗalibai su rubuto kalmomin da ake jifar juna da su, kamar "arne" da "malo", har da "Bayahude" da muke kiran mai wayo da shi ba tare da tunani ba.

Tabbas wani zai ɗaga hannu ya ambaci Falasɗinu. Kada a hana shi magana. A nuna masa cewa sai a 1948 aka kafa Isra'ila, kuma yaron da aka kashe a Auschwitz bai da alhakin abin da wata gwamnati ta aikata bayan mutuwarsa.

9.4 Jinga

Tsara darasin minti 40 don ranar 27 ga Janairu, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe a 2005 domin tunawa da wannan kisa.